Abin da na ɗauka a wurin Shata, da abin da na bar masa

Gaisuwa ga wanda ke ruga ya rataye rediyo a jikin bukka, da wanda ke kan layi a bakin iyaka yana jiran duwan ko kwastan su duba takardunsa, da Inna mai nono da ta dawo daga kasuwa tana wanke ƙore. Farashin kara da sanarwar allurar dabbobi suna nan tafe a ƙarshen shiri kamar kullum. Kafin nan ina da wata hira da nake so mu yi da kai, a kan wani tsohon mawaƙi da kuma halayen da ya dasa mini ba tare da na sani ba.

Makon jiya aiki ya kai ni Katsina. Na shiga mota a tashar Maraɗi, muka bi ta Ɗan Isa muka faɗa Jibiya. Direbanmu dattijo ne, furfura ta cika masa gemu, kuma tun kafin mu bar gari ya soka memori a rediyon mota, kalangu ya tashi. Mamman Shata ne. Ba mu yi nisa ba wani saurayi a kujerar baya ya ce, “Baba, don Allah a canza mana, wannan ai ta tsofaffi ce.” Direba bai ko waiwaya ba, ya ce, “Ɗana, ranar da ka sayi taka motar sai ka sa wadda kake so.” Mota ta kwashe da dariya.

Ni ina gaba ban ce uffan ba. Amma da na ankara sai na ga abin da nake yi: ɓarin goro a kunci, ƙafa tana bugun ƙasan mota daidai da kiɗa, kai yana ɗan gyaɗawa. Sak kakana, Allah Ya jiƙansa. Ni da saurayin nan sa'o'in juna ne, kuma Shata ya rasu ba a ma haife ni ba. To ta ina tsohon nan ya shigo mini har cikin aljihu? Tun daga Jibiya har muka shiga Katsina lissafin da nake yi ke nan.

Bari in tuna maka ko wane ne, don na san akwai yara a gefen rediyo. An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro jinin Fulani ne, kuma bai so ɗansa ya yi waƙa ba, don a ganinsa waƙa roƙo ce. Yaron ya yi tallan goro, ya yi tallan alewa, yana kuma waƙa a dandali don nishaɗi tun kafin ta zama masa sana'a. Daga baya ya zauna Bakori, ya zauna Funtuwa, ya zauna Kano, ya zaga ƙasashe da makaɗansa da 'yan amshinsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar MON. Ya taɓa siyasa ma: ya yi kansila a Kankiya, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa. Ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba, kuma an san shi da cewa ba ya zama ya shirya waƙa a gida, nan take yake ɗauko ta in an buga kalangu.

Kalangun ma, kai makiyayi, ba baƙonka ba ne. Asalinsa kiɗan mahauta ne, kuma ka fi ni sanin inda tafiyar bijiminka take ƙarewa bayan ya bar kara. Makaɗi yana saƙale shi a hammata, in ya matse igiyoyin sauti ya hau, in ya saki ya sauko, shi ya sa kake jin kamar magana yake yi.

To, halin farko da na gano shi ne goro. Kakana fataucin goro ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Yana da wata rediyo mai kaset da ya ɗinka wa riga ta yadi don ƙura, kuma duk ranar da kaya suka iso zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya kwance huhu, ya sa Shata, ya ce in zo mu zaɓe. Ina da shekara bakwai ko takwas lokacin. Shi ya koya mini in ware marsa gefe guda, minu gefe guda, in jujjuya kowane ɗaya in duba ko sankara ta taɓa shi, don in ka bar mai sankara ɗaya a ciki sai ya ja maka asarar sauran. Ya koya mini ƙwarya goro ɗari ce. Ya koya mini yayyafa ruwa da canza ganye, don goro abu ne mai rai, in ya bushe ya tashi daga kuɗi. Kuma ko da yaushe sai ya tuna mini cewa mutumin nan da ke waƙa shi ma da farantin goro ya fara. Yana faɗar haka da wani irin alfahari, kamar ɗan ɗakinsu ne ya zama sarki.

Yau ga ni, abokaina na aiki suna shan lemon gwangwani mai hana barci in dare ya yi mana a tasha, ni kuwa ɗan daushe nake fasawa. Suna yi mini dariya, wai tsoho a jikin yaro. Ba na musu. Sai dai zan faɗa maka gaskiya tsakanina da kai: goron nan ya fara rina mini haƙora, kuma ranar da na wuce ɓari biyu bayan magariba, sai asuba ta same ni ido biyu. Na sa wa kaina doka, guda ɗaya a yini, kuma ba na kwana ban yi asuwaki ba. Kai da ke fatauci, ka san wanda ya ci jarinsa da bakinsa ba ya ganin riba. Kakana yakan ce mai goro na kirki ƙanana yake ci, manya na masu saye ne.

Hali na biyu shi ne haƙurin saurare. Wannan ban san ina da shi ba sai da na fara aikin rediyo. Kaset ɗin da muka tashi muka tarar yawanci minti 60 ne, 30 a kowane gefe, kuma waƙar Shata ɗaya tana iya cinye mafi yawan gefe guda. Ba a tsallakewa. In kana son mayar da ita baya, ba ka danna rediyo don kada batir ya mutu, sai ka zare kaset ka zura biro a ramin ka yi ta juyawa. Wanda ya sha wannan wahalar ba ya wasa da waƙa, zama yake yi ya ji ta daga bisimilla har ƙarshe. Kuma waƙar Shata haka take so. 'Yan amshi suna maimaita abu ɗaya, kiɗa yana tafiya a hanya ɗaya, kai kana ganin kamar ba a motsa ba, sai can ya jefo wata kalma da za ta sa dattawan zaure su ce “kai!” gaba ɗaya. In ka tashi shan ruwa, ta wuce ka.

Yanzu memori ɗaya ƙaramin farce ya fi shi girma, amma yana ɗaukar waƙoƙi ɗaruruwa. Mai cajin waya a kasuwa zai zuba maka su da kuɗi kaɗan. Sai ka ga yaro yana ta latsawa, ba wadda ta kai minti ɗaya. Ban ce laifi ne ba, zamani riga. Amma ni na ga amfanin tsohon halin a wurin aikina. In dattijo ya bugo waya daga Magarya ko Maigatari zai yi maganar burtalin da aka nome, sai ya fara da gaisuwa, ya bi ta kan damina, ya ambaci kakansa, sannan ya iso inda za shi. Wanda ya saba da latse-latse zai katse shi a minti na farko, ya rasa maganar. Ni Shata ya riga ya horar da kunnena. Kai ma da ke ciniki a kara ka san wannan: dillalin da ke gaggawar jin ƙarshen magana shi ake sayar wa saniya mai ciwon huhu.

Hali na uku, riƙe suna. Shata ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa manyan attajirai, ba wanda ke musun wannan. Amma ya yi wa direbobi, ya yi wa 'yan kasuwa, ya yi wa mata, ya yi wa manoma. Da Amurkawa suka sauka a wata a 1969, kumbon Apollo 11 ma bai tsira daga bakinsa ba. Abin da ke burge ni shi ne yadda yake kiran mutum da sunansa da garinsa da sana'arsa, har jikan mutumin ya ji yau a wata ƙasa ya ce wannan kakana ne. Mutane nawa ne da ba su da gida mai bene, ba su da hoto ko ɗaya, amma sunansu yana yawo a motocin haya har gobe?

Daga nan na ɗauki ɗabi'ar da wasu abokan aikina ke ganin ɓata lokaci ce. In ka aiko da gaisuwa, ba na cewa “wani mai saurare daga daji”. Sai na kira sunanka, da na rugarku, da na Arɗonku in ka rubuto. Ina da ɗan littafi a aljihu da nake rubuta sunayen ƙauyukan da ban iya faɗa ba, in na samu ɗan yankin in tambaye shi yadda ake furtawa. Kai ma gwada wannan a sana'arka. Yaron motar da ke ɗaure maka kaya kowane mako, ka san sunansa? Mai ruwan da ke shayar maka da dabbobi a bakin kasuwa fa? Ranar da mota ta lalace tsakanin Kwanni da Illela da dare, wanda ka sani da suna shi ne zai tsaya.

Yanzu bari mu juya kaset, mu ji ɗaya gefen. Akwai abin da son waƙa ya jawo mana a gida, kuma na ga ya kamata in faɗa maka shi ko da ba daɗi.

Ina da ɗan kawu da ke kiwo. Ni na ba shi memorin Shata da hannuna, ni na kuma saya masa abin toshe kunne na waya, wai don kada batir ya riƙa saurin ƙarewa. Kaka ce, an yanke gero amma wake yana nan a gona, hukuma ba ta riga ta ba da ranar sakin gonaki ba. Ya kai shanu gefen burtali, ya samu inuwa, ya toshe kunnuwa biyu. Bai ji motsin garke ba, bai ji kukan karensa ba, bai ji ihun yaron mai gona ba, har sai da mutane suka tsaya a kansa. Shanu sun riga sun yi ɓarna a gonar wake. Allah Ya sa mai gonar mutumin kirki ne, kuma mai gari ya shigo da wuri, aka zauna aka kimanta, kawuna ya sayar da ɗan maraƙi ya biya. Amma kai da ni mun san wuraren da irin wannan ta faru ba a tsaya a maraƙi ba, sai da aka yi jana'iza.

Na daɗe ina jin nauyin abin nan, don da hannuna a ciki. Kakanninmu ma sun yi kiwo da rediyo, amma a kafaɗa take ko a rataye jikin sanda, tana magana iska tana ɗauka, kunne yana jin waƙa yana kuma jin daji. Makiyayi da kunne yake gani. Canjin kukan saniya, tashin tsuntsaye, ƙarar babur daga nesa a wannan zamani da muke ciki na rashin tsaro, duk kunne ne ke fara kawo labari. Don haka ɗan'uwa, in za ka ji Shata a daji ka ji shi, amma ka sake shi a fili. Shi kansa a fili ya yi waƙarsa, gaban jama'a. Kai direba da ɗan acaɓa, ku ma maganar ta shafe ku.

Sai kuma abu na biyu da na bar masa. Duk wanda ya san Shata ya san yana da wata fitacciyar waƙa a kan shaye-shaye, wadda malamai suka yi ta magana a kanta tun yana raye. Ba zan zauna nan in yi masa hukunci ba, ya riga ya koma ga Ubangijinsa, kuma shi ɗin dai ya yi waƙar yabon Annabi, sallallahu alaihi wasallam, wadda har yau ake sawa. Allah Ya gafarta masa. Abin da ya dame ni shi ne wata rana a tasha na ga wani matashi mai ɗaukar kaya ya watsa ƙwayoyin tiramol a shayi, da na yi masa magana sai ya ce ai Shata ma ya halatta. Yana dariya yake faɗa, amma da gaske yake sha.

Ka ji yadda abin yake. Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa, na asibiti yawanci mai lamba 50 ne ko 100. Wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya ana sayarwa a kan tebur har mai 225 akwai. Yana ɓoye gajiya, sai mutum ya ga kamar ya ƙara ƙarfi, alhali jiki yana nan yana cin bashi. In aka yawaita yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya danne numfashi, kuma in jiki ya saba, ranar da babu sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Haka maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018 saboda yadda matasa suka afka masa. Na san dalilin da ya sa ake sha. Wanda zai kora shanu kwana da kwanaki a ƙasa, ko ya sauke buhu ɗari kafin azahar, ko ya kwana yana tuƙi, ba daɗi yake nema ba. Amma wanda jijjiga ta kama a bakin rijiya yana jan guga, ko a kan babur da kaya a baya, wa zai riƙe shi? In kai ne, ko ɗanka ne, ko yaron da ke yi maka kiwo, ka je asibiti ka faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, akwai yadda ake ragewa a hankali. Kada a jingina wa mamaci abin da bai ba ka a hannu ba.

Ƙarami ɗaya kafin in rufe, don 'yan kasuwa. Son jin suna a bakin mawaƙi ciwo ne mai daɗi, ni ma na sani. Na taɓa zuwa bikin aboki, mawaƙi ya kama sunana ya haɗa da na tashar nan, kafin in farga kuɗin motar komawa gida sun tafi a goshinsa. A ƙasa na taka har gida. Waɗanda Shata ya wasa suka ba da mota ko doki, daga cikin riba suka bayar, rumbunsu bai girgiza ba. Kai da jarinka bai wuce buhu biyar na masara ba, ga canji tsakanin naira da sefa yau sama gobe ƙasa, ka ware abin liƙi tun daga gida, ka bar sauran a wurin uwargida. Daidai ruwa daidai tsaki.

Da muka isa Katsina ranar nan, saurayin kujerar baya ya sauka kafin ni. Yana jiran yaron mota ya kwance masa jaka, sai na ji yana bin amshin waƙar a hankali, bai ma san yana yi ba. Direba ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce komai. Na fasa sauran gorona na miƙa masa ɓari.

To, kai fa? Wane mawaƙi ne ya bar maka hali? Wataƙila Ɗan Maraya Jos ne da kuntiginsa ya sa kake girmama yaron mota. Wataƙila Ɗanƙwairo ne ya sa ba ka raina noma, ko Barmani Coge ce, Hajiya, ta sa kika riƙe sana'arki ba ki jiran a ba ki. Ko kuma wani mai garaya ne ko mai sarewa na rugarku wanda ba a taɓa ɗauka a kaset ba. Ka aiko mana ta waya ko ta hannun wakilinmu na kasuwarku, ka faɗi abin da ka ɗauka da abin da ka bari, kuma ka rubuta sunan ƙauyenku yadda zan iya karantawa. Za mu karanta su a shirin mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da iyayenmu da suka riga mu. Allah Ya tsare garke, Ya sa albarka a ciniki, Ya kai matafiya gida lafiya. Yanzu sai farashin kara.